Mustang, C10, Dart ko Cadillac: wace tsohuwar motar Amurka za ka iya riƙewa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da Mustang ta 1966 aka tayar da injinta ya san abin da ke jan mutum zuwa ga waɗannan motoci. Ƙarar tana fitowa ne daga ƙasa, kana jin ta a ƙirjinka kafin kunnenka ya gama ɗauka. Sai dai sayen irin wannan mota aikin yini ɗaya ne, riƙonta kuwa na shekaru. Na ga mutane da yawa sun sayi wadda idonsu ya so, bayan wata shida tana kan jak a gareji an lulluɓe ta da tamfol, ana jiran wani ɗan ƙarfe da ba a ƙera irinsa ba tun 1970.

Motoci huɗu na zaɓa, domin su ne masu shiga wannan harka suka fi kai-kawo a tsakaninsu: Ford Mustang ta 1965 zuwa 1968, a-kori-kurar Chevrolet C10 ta 1967 zuwa 1972, Dodge Dart ta 1967 zuwa 1976, da Cadillac DeVille ta 1965 zuwa 1970.

Ma'aunin da za mu auna su da shi

Na farko kuɗi, kuma kashi biyu ne: na saye da na bayan saye. Sau da yawa wadda ta fi arha a hannun mai sayarwa ita ce ta fi cin aljihu daga baya.

Na biyu samun kayan gyara. A nan ne mutane suke ruɗuwa. Kayan inji, irin su fulogi da fistin da famfon ruwa da gasket, kusan na duk motocin nan huɗu ana samu. Abin da ke tsayar da aiki shi ne kayan jiki: ƙofa, gilashi, robar bakin taga, fitilar baya, ƙarafan ado masu ƙyalli.

Na uku ƙarko, kuma a motar da ta haura shekara hamsin ƙarko yana nufin tsatsa. Wannan ne ma'aunin da na fi bai wa nauyi. Inji ko ya buga, ana sauke shi a gyara ko a sa wani, kuma ka san iyakar abin da za ka kashe. Tsatsa ba ta da iyaka sai an kankare fenti. A jihohin arewacin Amurka irin su Mishigan da Ohayo da New York ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cinye mota daga ƙasa. Shi ya sa motar da ta yi rayuwarta a Arizona ko kudancin Kalifoniya take da daraja ko da rana ta ƙone fentinta ta farfasa kujerunta.

Na huɗu sauƙin gyara: me za ka iya yi da hannunka, me kuma sai ƙwararre. Na biyar haɗari, na kan hanya da na zamba wajen ciniki.

Ford Mustang, 1965 zuwa 1968

An fara nuna ta ranar 17 ga Afrilu, 1964 a babban baje kolin New York, farashinta dala 2,368, kuma kafin ta cika shekara biyu an sayar da miliyan ɗaya. Wannan yawan shi ne babbar gatanta a yau. Kamfanoni irin su National Parts Depot da CJ Pony Parts suna sayar da kusan kowane yanki nata sabo fil, daga hannun ƙofa har daɓen ƙasa. Kamfanin Dynacorn ma yana ƙera gangar jikinta gaba ɗaya da izinin Ford. Babu wata a cikin huɗun nan da ta kai ta a wannan fanni.

Injinta biyu aka fi samu: mai silinda shida a jere, lita 3.3, da V8, wato mai silinda takwas, da ake kira 289, lita 4.7, wanda 302 ya gaje shi a 1968. Dukkansu ba su da rikici. Kafireta ce, da kwantak, da kwayil, babu kwamfuta ko ɗaya. Harafi na biyar a lambar motar shi ke faɗa maka injin da ta fito da shi daga kamfani: T mai silinda shida, C da A na 289, K kuma na 289 mai ƙarfin doki 271, wanda ba shi da yawa kuma yana da tsada. Ka duba wannan harafi kafin ka yi tayi, domin akwai masu ɗaukar mai T su dasa mata V8 su nemi kuɗin ta asali. Ka ƙirga notin taya ma: mai silinda shida huɗu gare ta, V8 biyar. Idan ka ga V8 a gaba da noti huɗu a taya, an ƙara mata ƙarfi ne aka bar ta da ƙaramin birki.

Rauninta a jiki yake. Mustang ba ta da shasi na daban, jikin ne yake ɗauke da kansa, don haka tsatsar da ta ci daɓe ko wurin da sifirin ke riƙe ta ci ƙashin bayan motar ne. Wurin da ya fi ba da wahala shi ne ramin iska da ke tsakanin bonet da gilashin gaba. Ganye da ƙura suna taruwa a ciki, ruwa ya kwanta, ƙarfen ya huje, ruwan sama ya riƙa zuba a ƙafar direba. Ba a ganin wurin daga waje. Gwajinsa shi ne ka nemi izinin mai mota ka zuba ruwa a ramin, ka leƙa ƙarƙashin sitiyari. Idan ya ɗigo, gyaran yana bukatar cire gilashi da fuka-fukan gaba da ɓalle ɗigon walda masu yawan gaske.

Na taɓa zuwa duba wata ja ta 1966, fentinta har kana ganin fuskarka. Na ɗauko ɗan maganaɗisu na naɗe shi a hankici don kada ya karce fentin, na bi jikinta da shi. A ƙofa ya kama gam. Da na zo bayan tayar baya sai ya sulale ya faɗo a hannuna, alamar ba ƙarfe ba ne a wurin, fila ce aka cusa aka shafe. Na ɗaga kafet ɗin direba, na tarar da falle na kwano an kafe shi da ƙusoshi a kan rami. Kyan ɗan maciji ke nan. Na yi wa mai ita godiya na kama hanya.

Ta fuskar haɗari, ta 1965 da 1966 suna da mastan birki mai kwano ɗaya: bututu ɗaya ya fashe, birkin ƙafa huɗu ya tafi. Daga 1967 aka koma mai kwano biyu. Sannan saman tankin mai shi ne daɓen but, babu wani ƙarfe mai kauri tsakaninsa da kujerar baya. Duka biyun ana gyara su da kuɗi kaɗan, kuma ni a ganina su ne aikin farko, kafin fenti, kafin rediyo.

Farashi a kasuwar Amurka, a dunƙule: mai rufi ta yau da kullum da ke tafiya lafiya tana kaiwa dala dubu 15 zuwa 30. Mai zubabben baya, wadda kowa ke so, takan ninka haka.

Chevrolet C10, 1967 zuwa 1972

Idan tambayar ita ce wacce ta fi sauƙin gyara, ba na jinkirin cewa wannan. Ka buɗe bonet, akwai fili har mutum ya zauna a kan fuka-fuki ya zura ƙafafunsa kusa da inji yana aiki. Tana da shasi na daban mai kauri, gidan direba da akwatin kaya an ɗaure su ne da noti a kansa. Ma'ana ko tsatsa ta ci jiki, ƙashin bayan yana nan, za ka iya sauke akwatin baya ka gyara shi a gefe kana ci gaba da hawa motar. Tsatsarta tana zama a kusurwoyin bayan gidan direba, da dokin ƙofa, da daɓe, kuma duk waɗannan LMC Truck da Classic Industries suna sayar da su a yanke, sai walda kawai.

Injin shi ne abin alfaharinta. Akwai mai silinda shida na lita 4.1, akwai ƙananan V8 na Chevrolet: 283 da 307 da 327, sai 350 mai lita 5.7 da ya shigo mata a 1969. Wannan zuriyar inji ta fara ne a 1955, kuma zuwa 2011 an ƙera fiye da miliyan 100. Duk shagon kayan mota a Amurka, ko a ƙaramin gari ne, yana da kayan 350 a kan kanta. In ya mutu gaba ɗaya, ana sayar da sabo a akwati. Haka giyabos ɗin otomatik na Turbo-Hydramatic 350, kowane mai gyaran giya ya san cikinsa.

Ga wanda ke son tafiya da ita kullum, ta 1971 da 1972 sun fi, saboda daga 1971 ne birkin gaba ya koma mai faifai. Waɗanda suka gabace su masu ganga ne, suna zafi su saki a gangara mai tsawo. Tankin mai kuma a bayan kujera yake, cikin gidan direba. Idan robar wuyansa ta tsufa za ka riƙa shaƙar fetur kana tuƙi, shi ya sa da yawa suke mayar da shi ƙarƙashin akwatin baya.

Matsalarta a yau farin jini ne. Motar manoma ce da ake samu a banza shekarun baya, yanzu mai gajeren akwati tana gogayya da Mustang a farashi, mai kyau takan wuce dala dubu 25. Mai dogon akwati, ƙafa takwas, ta fi sauƙi sosai, alhali inji ɗaya ne, gidan direba ɗaya ne. Wannan bambancin ya sa wasu suke yanke shasin doguwa su haɗa da walda su sayar a matsayin gajeriya. In an yi aikin da kyau ba laifi, amma ka kwanta ƙarƙashinta da tocila ka ga ɗinkin da idonka. Kuma ka tuna kujera ɗaya ce, mutum uku iyaka.

Dodge Dart, 1967 zuwa 1976

Wannan ce nake jin tausayin yadda ake raina ta. A zamaninta motar malaman makaranta ce da tsofaffi da 'yan tasi, ba ta ɗaukar ido. Amma a cikinta akwai injin da ake kira Slant Six, mai silinda shida, lita 3.7, wanda aka kishingiɗar da shi digiri 30 zuwa dama don bonet ya yi ƙasa. Chrysler, uwar kamfanin Dodge, ta fara sa shi a motocin 1960, ta ci gaba da sa shi a motocin kaya har 1987. Ba shi da gudu, amma a wajen juriya sunansa ya kai ko'ina. Idan aka haɗa shi da giyabos ɗin TorqueFlite, ka samu abin da zai yi ta tafiya muddin akwai baƙin mai da ruwa. Yana son a riƙa saita masa bawul lokaci-lokaci, aikin awa ɗaya da sifana. Tana kuma da sauƙin shan mai.

Tana da halaye biyu da duk mai ita ya kamata ya sani. Akwai wani ɗan farin tangaran a bangon ɗakin inji da ke rage wutar da ke zuwa kwayil. Ranar da ya ƙone, mota za ta tashi muddin kana murɗe da makulli, kana saki ta mutu. Mutane sun sauke kafireta a kan wannan, alhali abin bai fi kuɗin abincin rana ba, noti ɗaya ke riƙe da shi. Masu Dart na ajiye guda a aljihun gaban mota. Na biyun: har zuwa wajen 1970, notin tayoyin ɓangaren hagu baibai ake kwance su, za ka ga harafin L a kan ƙusar. Na ga yaron shagon faci ya ɗora injin iska a kai yana ta ƙara ɗaurewa da nufin kwancewa, sai da ƙusa biyu suka karye. Kafin kowa ya taɓa tayarka, ka faɗa masa.

Inda take faɗuwa shi ne kayan jiki. Na mai ƙofa biyu ana ƙera wasu, musamman saboda masu injin V8 na 340 da ake nema ruwa a jallo. Mai ƙofa huɗu kuwa, wadda ita ce mai arhar, in ƙarfen adonta ya lanƙwashe ko fitilar bayanta ta fashe, sai ka bi wuraren tsofaffin motoci da shafukan masu sayar da na hannu, wani lokaci wata da watanni. Ita ma ba ta da shasi na daban. Ka duba saman fuka-fukan gaba, da daɓen but, da ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin kujerun gaba, domin a nan sandunan da ke ɗauke da nauyin gaban motar suke kafe. In wannan wuri ya ruɓe, ka bar ta ko kyauta ce.

Mai ƙofa huɗu da silinda shida ana samunta ƙasa da dala dubu 10. Sai dai abin da ka zuba mata ba lalle ya dawo ba ranar sayarwa.

Cadillac DeVille, 1965 zuwa 1970

Tsawonta kusan mita 5.7, nauyinta ya haura tan biyu, kuma zama a cikinta kamar zama a falo ne. Injin 429 na lita 7 ya yi aiki har 1967, sai 472 na lita 7.7 mai ƙarfin doki 375 ya karɓa daga 1968. Injin da giyabos ɗin Turbo-Hydramatic 400 ba su da laifi, suna cikin mafi ƙarfi da Amurka ta ƙera. Cadillac ma ta riga saura sa mastan birki mai kwano biyu, tun 1962.

Abin da ke kewaye da injin ne ke kayar da mutum. Gilashin lantarki, kujerar lantarki, makullin ƙofa, da na'urar sanyaya ɗaki mai saita kanta wadda ke aiki da tarin siraran bututun iska a bayan dashbod. Roba ce ta shekara hamsin da ɗoriya, ɗaya ta tsage sai komai ya rikice, kuma masu gane kan wannan tsari sun yi ƙaranci ko a Amurka. Iskar sanyin da take amfani da ita, R12, an daina ƙera ta a can tun tsakiyar shekarun 1990. Sake wanke bamba da ruwan ƙyalli kuɗi ne mai yawa, bambar Cadillac kuwa ba ƙarama ba ce. Masu rufin leda suna ɓoye tsatsa a ƙarƙashin ledar, musamman gindin gilashin baya. In ka shafa ka ji ƙuraje, ta riga ta ci. Mai kuwa, lita ɗaya ba ta wuce kilomita huɗu zuwa biyar, kuma mai kyau take so.

Farashin sayenta yana yaudara: mai ƙofa huɗu takan zo ƙasa da Mustang. Araha ba ta ado.

A taƙaice

| | Mustang | C10 | Dart | DeVille |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Mai yawa | Matsakaici zuwa mai yawa | Kaɗan | Matsakaici |
| Kuɗin riƙo | Matsakaici | Kaɗan | Kaɗan | Mai yawa |
| Kayan inji | Ko'ina | Ko'ina | Ana samu | Ana samu, da tsada |
| Kayan jiki | Komai sabo | Kusan komai | Da wahala | Da wahala ƙwarai |
| Shasi na daban | Babu | Akwai | Babu | Akwai |
| Gyara da hannunka | Mai sauƙi | Mafi sauƙi | Mai sauƙi | Sai ƙwararre |
| Babban haɗari | Ɓoyayyiyar tsatsa | Yankakken shasi | Rashin kayan jiki | Lantarki da bututun iska |

Abin da ya shafe su duka

An ƙera injinan nan ne lokacin fetur mai gubar dalma, wanda Amurka ta haramta wa motocin titi a 1996. In za a buɗe kan inji, a sa masa mazaunin bawul masu tauri. Fetur ɗin Amurka na yau kuma yawanci yana da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin etanol, wanda ke cin tsohuwar roba, don haka duk bututun mai na roba a canza shi tun ranar farko. Baƙin mai ma ba kowanne ba: tsofaffin injina suna bukatar mai sinadarin zinki da yawa, in ba haka ba sandar da ke buɗe bawul takan cinye. Da yawa daga V8 na wancan zamani an lulluɓe haƙoran giyar taimin ɗinsu da roba mai tauri, tana gutsirewa ta toshe matatar famfon mai. In ba a taɓa canza ta ba, a canza. Taya kuma a duba shekarunta, ba zanenta kaɗai ba.

Ga mai tunanin kai ta gida, sitiyarin hagu ba matsala ba ne, tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Gana a 1974, Nijar kuwa dama can haka take. Amma kwastam ta Najeriya tana da iyakar shekarun tsohuwar motar da za a shigo da ita, wadda ta taɓa zama 15 aka rage ta zuwa 12, saboda haka ka warware wannan magana a hukumance kafin ka biya kuɗin jirgin ruwa. Tsofaffin makanikai da suka ƙware a kan Peugeot 504 sun san kafireta da kwantak ciki da bai, da tsohuwar zuma ake magani. Abin da za ka kai musu shi ne sifanun inci. Notin motocin nan ba na milimita ba ne, sifana 13 a kan notin rabin inci tana kamawa sama-sama har ta cinye masa kai. Ka haɗa da littafin gyara na kamfani, da lagireto mai kauri saboda zafin bazara.

Wa ya dace da wacce

In wannan ce motarka ta farko a harkar kuma da hannunka kake son koyo, ka nemi C10 mai dogon akwati, ta 1971 ko 1972 in ta samu. Ita ce kuma na fi yarda a kai inda kayan gyara ke nisa, saboda shasinta da injin 350.

In kana son wadda za ka gyara ta koma kamar ranar da ta fito, kuma kuɗinka ya tsaya a cikinta, Mustang ce, ta 1967 ko 1968 don birkinta. Ka sayi mai jiki mafi tsafta da aljihunka zai iya, ko da mai silinda shida ce, ka je da maganaɗisu da jarkar ruwa.

In kuɗinka kaɗan ne, burinka ka ɗauki iyali ku zaga ranar hutu, Dart mai ƙofa huɗu za ta yi maka, da sharaɗin ta zo da ƙarafan adonta da gilasanta cikakku.

Cadillac kuwa ta wanda ya riga ya riƙe wata tsohuwar mota ne, yana da gareji mai tsawon mita shida da rabi, da rewaya mai haƙuri, kuma zai sayi wadda kowane maɓalli nata yake aiki a ranar da ya je dubawa.